Kara Na Yi, Ita Kuwa Ta Karɓa

Assalamu alaikum matan wannan zaure. Admin, Allah Ya saka da alheri, a taimaka a sakaya sunana, domin mu 'yan Arewa da ke karatu a Kuala Lumpur ba mu da yawa, ko tari mutum ya yi a Pantai Dalam sai an yi masa sannu daga Jalan Semarak. Sunayen da zan ambata ma duk na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu, ban yi aure ba. Gida ɗaya muke zaune da ƙawata, zan kira ta Zulai. Tun makon da muka sauka ƙasar nan muka haɗu a layin rajista, daga nan ba mu sake rabuwa ba. Tukunyarmu ɗaya, laimarmu ɗaya, in sallah ta matso tare muke zuwa Jalan Tuanku Abdul Rahman neman yadi, ita ke ciniki, ni ke riƙe leda, don ni in mai kanti ya yi mini murmushi shi ke nan ya gama da ni. Halinmu ba ɗaya ba ne. Iyayen Zulai Katsinawa ne, amma a barikin soja a Legas ta tashi, abin da ke cikinta shi ne a bakinta. Ni kuwa a cikin birnin Zariya na tashi, a hannun kakata, wadda ta koya mini cewa 'ya mace ba ta miƙa hannu a tayin farko. In an ce ga nama, ki ce alhamdulillahi. In an sake, ki ce wallahi kin ƙoshi. Sai an matsa a karo na uku sannan ki ɗauki ƙarami, kanki a ƙasa. Da wannan tarbiyyar na hau jirgi, ban san wata rana za ta sa ni kuka a ƙasar mutane ba.

Watannin baya ciwon baya ya sa ni gaba saboda zaman laburare, rubutun tesis ya tsaya cik, duk abin da na kai wa sufabaiza sai ya dawo da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Wata safiya ina dawowa daga tashar jirgin ƙasa sai na hangi ɗan ƙaramin allo a saman wani kedai, wato kantin unguwa, an rubuta wurin motsa jiki na mata zalla. Na wuce shi ya fi sau nawa kafin na yi ƙarfin halin hawa benen. Mai wurin wata 'yar Malay ce, zan kira ta Kak Nora, kak ɗin nan kamar a ce yaya ne a wurinsu. Ba irin manyan jim ɗin nan ba ne masu kiɗa da madubai ko'ina. Ɗaki ne guda, mata shida kawai take ɗauka a aji, wai idonta ba ya iya lura da bayan mutum fiye da shida a lokaci guda. Waya a kwando ake barin ta a bakin ƙofa, hijabi a rataye a ƙusa. Tagogin an shafe su da fari, ba a ganin ciki, amma hasken safiya yana ratsowa a hankali kamar an dama koko da madara.

Ban san yadda zan bayyana muku ranar farko ba. Na cire hijabi, iskar fanka ta bugi ƙeyata, hasken nan ya sauka a kan kitsona, sai na tuna rabon gashina da hasken rana tun tsakar gidan kakata. A ƙasar nan kullum ni baƙuwa ce, a bas ana kallona, a aji ina auna kowace kalma kafin in furta. A ɗakin nan kuwa ba wadda ta damu da daga ina nake. Akwai wata tsohuwar malamar firamare da ke zagin gwiwarta kamar ɗan da ya gagare ta, akwai nas da ke zuwa kai tsaye daga aikin dare, akwai wata Kak Ain mai dariya kamar ana zazzage kwanuka. Kak Nora tana ƙirga mana da harshensu, satu, dua, tiga, in ta kai ƙarshe sai ta ce saura ɗaya, alhali ƙarya take, saura biyar ne. Bibbiyu ake yi, wata ta riƙe miki ƙafa ki tashi ki kwanta, sannan ke ma ki riƙe mata. Na faɗi, na yi nishi, na yi gumi har cikin ido, na kuma ji muryata tana dariya, muryar da na manta ina da ita. Da na sauko daga benen har itatuwan bakin titi sai na ga kamar an wanke su. A ranar na sayi tabarmar motsa jiki mai ruwan makuba, na rungumo ta a bas kamar jaririya.

Mako biyu ake ba mutum na gwaji. A lokacin Zulai tana cikin wani hali, mahaifinta ya rasu, ba ta samu zuwa gida ba sai ta waya ta yi wa mahaifiyarta ta'aziyya. Ta rufe labulen ɗakinta, abinci sai na tsaya a kanta. Zulai da ke cika gida da surutu ta koma kamar hoto. Da na ga abin da ɗakin nan ya yi mini sai na ce wallahi sai na kai ta. Ta ce, "Ke malama ki ƙyale ni, wa ya ce miki tsalle-tsalle na maganin maraici?" Na ce ta zo ko don ta yi mini dariya. Na roƙi Kak Nora, ta yarda mu zama bakwai na ɗan lokaci. A rana ta biyu Zulai ta zame ta faɗi zaune daɓas, Kak Ain ta fashe da dariyar nan tata, sai kawai na ji Zulai ita ma ta kama, har tana riƙe ciki. Na juya baya na share hawaye. Allah Ya sani na yi murna, wannan dariyar na daɗe ina roƙa mata.

Ranar da gwaji ya ƙare Kak Nora ta tsayar da mu biyu bayan kowa ya fita. Ta ce gurbi ɗaya ne ya rage a ajin safe, ajin yamma kuma ta san ba zai yiwu mana ba saboda lacca. Ta ce ita ba za ta zaɓa ba, mu faɗa mata wacece. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce a ba 'yar uwata. 'Yan uwa, ku da kuka tashi inda na tashi kun san abin da nake nufi. A raina na riga na tsara yadda za ta kaya. Zulai za ta ce haba, ke kika gano wurin, ke ce mai ciwon baya. Ni in ce a'a, kin fi ni buƙata. Ta ce wallahi ba za ta karɓa ba. Sai in sunkuyar da kai in ce to, tunda kin matsa. Ko da a ƙarshe ita ɗin za ta samu, da na so a yi wannan ja-in-jar, in ji cewa ta san abin da na bari. Amma Zulai sai ta rungume ni da guminta, ta ce, "Boleh lah, ya yi, na karɓa! Allah Ya bar mu tare, ƙawas!" Kak Nora ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa ganin ƙawaye irinmu ba, ta ce ni ce ta farko a masu jiran gurbi. Muna saukowa Zulai ta ce tunda ba ta da tabarma bari ta riƙa aron tawa. Na ce ai ba komai. Na miƙa mata.

Tun daga ranar wani abu ya shiga zuciyata ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Da farko na ce ɗan takaici ne zai wuce. Bai wuce ba. Kwana uku a mako Zulai take fita da sassafe da tabarmata a kafaɗa, ta dawo fuska na sheƙi, tana ƙamshin man zafi, da ledar gurasar roti da ta yo mini tapau, wato ƙunshi, daga shagon mamak, Indiyawa masu sayar da abinci, inda suke zama shan shayi bayan aji. Ta zauna a bakin gadona ta yi ta ba ni labari, yau Kak Nora ta ce kaza, yau gwiwar tsohuwar malamar nan ta yi ƙara har kowa ya ji, yau Kak Ain ta riƙe mini ƙafa ta ƙi saki sai da na ƙara goma. Har suna sun raɗa mata, Zu suke ce mata. Ni kuwa ina murmushi ina yagar roti. Ta iya Malay yanzu fiye da ni, kafaɗunta sun miƙe, tana hawa benen gidanmu da gudu in lif ya lalace, ni ina baya ina haki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da ta dawo da leda daga Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ƙanwar Kak Ain za ta yi aure a ƙauyensu, sun je sun yanko yadi iri ɗaya, anko za su yi. Titin nan namu ne ni da ita, ko ba a rubuta ba. Na tambaye ta wa ya riƙe mata leda, ta yi dariya ta ɗauka wasa nake. Da ta turo mini hotunan bikin na daɗe ina buɗe su ina matso da fuskar Kak Ain, ina neman aibu a fuskar baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Har yau ban gane wa nake kishi ba. Zulai nake kishi don ta samu ɗakin, ko Kak Ain don ta samu Zulai? Wani lokaci ina jin kamar ni na haƙa rijiya, na kira mai ƙishi, na ba ta guga, yanzu ina tsaye a rana ina jin ƙarar ruwa.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Na gwada bin bidiyo a waya a ɗakina, na ji kamar mahaukaciya ina tsalle ni kaɗai tsakanin gado da teburi. Na leƙa wani babban jim, na ga maza na ga kiɗa, na juyo. Na koma wurin Kak Nora ko za ta mai da ajin bakwai, ta riƙe hannuna ta ba ni haƙuri, ta ce in ta karya ƙa'ida saboda ni gobe sai ta karya saboda wata.

Sau ɗaya muka taɓa yin maganar da Zulai. Wani sunan jariri muka je na matar wani ɗan garinmu, ana ta yaba yadda ta murmure, sai ta nuna ni a gaban mutane ta ce ai wannan ce ta bar mata gurbinta, don ita ba ta son gumi, ta fi son ta zauna bakin taga tana rubuta waƙar ruwan sama. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da muka dawo gida na kasa daurewa, na gaya mata cewa ni fa kara na yi mata ranar nan, ban taɓa son wani wuri a ƙasar nan kamar ɗakin nan ba. Ta ce ita ina za ta sani, a gidansu in ka ce ka ƙoshi rufe tukunya ake yi. Ta ce in ina son abu in ce ina so, ba wanda zai leƙa cikina ya karanta. Har ranta ya ɗan ɓaci, wai na mai da ita maras kunya alhali ita da zuciya ɗaya ta karɓa. Sannan ta sassauta murya ta ce to gobe za ta je ta ce a mayar mini. Kun san me na ce? Na ce a'a, Allah Ya kiyaye, ta bar shi kawai. Na tsaya ina jiran ta sake tayi. Ta ce, "Kin tabbata? To shi ke nan, magana ta wuce," ta shige ɗakinta. Na bi ƙofar da kallo. Rami ɗaya, na faɗa sau biyu, kuma ni na haƙa shi.

Yanzu ga inda nake neman shawararku. Kak Nora tana da ƙa'ida, duk wadda ta yi fashi sau uku ba tare da ta sanar tun ana gobe ajin ba, gurbinta ya koma hannun mai jira. Zulai kuwa nauyin barci gare ta na ban mamaki, agogon wayarta zai yi ta kuka har ya gaji ya yi shiru tana nan. Tun da muka zauna tare ni ke tashinta sallar asuba, in buga ƙofa, in shiga, in ja babban yatsan ƙafarta, sannan ta tashi tana mita. Daga sallah take shiryawa ta tafi aji. Sau biyu ta makara ta rasa ajin, kuma duka biyun sun faɗo ne a kwanakin da nake fashin sallah, lokacin da ni ma nake barcina ban tashi ba. Allah ne shaidata ba da gangan ba ne, ban ma lura ba sai daga baya. Makon jiya na haɗu da Kak Nora a kedai na ƙasan benen, ta ja ni gefe ta ce in ja kunnen 'yar uwata, saura ɗaya, in ta sake ba yadda za ta yi, adalci zai sa ta kira ni. Na gaya wa Zulai kamar yadda aka aiko ni. Ta ce ta sani, ta ƙara agogo na biyu, ta ce ba za ta ɗora mini tashin asuba a kwanakin hutuna ba, in yi barcina. Ni kuwa na san agogo goma ba sa tashin Zulai.

Kwanakin nawa sun matso, cikin makon nan ne. Kun ga ke nan ba sai na yi komai ba. Ba ƙarya zan yi ba, ba sharri zan ƙulla ba, kwanciya kawai zan yi in ja bargo, kuma duk duniya ba mai cewa na yi laifi, har ita kanta. Sai dai ni na san idona biyu zai kasance, domin tun da abin nan ya shiga raina ba na kai wa kiran sallah ina barci. Shekaranjiya na gwada kaina ba da niyya ba. Na idar da alwala na zo ƙofarta, na ɗaga hannu zan buga, sai hannun ya tsaya a sama. Agogonta yana ta kuka a ciki, ni ina tsaye ina ganin hasken tagar nan, ina jin iskar fankar a ƙeyata, har ina ganin inda zan shimfiɗa tabarmata. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Daga baya na buga, na shiga na ja yatsanta, ta ce, "Wayyo malama, ke ko tausayi ba kya ji?" Na fita da sauri don kada ta ga fuskata.

Abin da ya firgita ni shi ne, in na bar ta tana barci, ba ajin za ta fara rasawa ba, sallar asuba ce. Wato da sallar ƙawata zan sayi wurin shimfiɗa tabarma. Kuma na san abin da ɗakin nan yake riƙe mata. Har yanzu takan yi shiru in an ambaci babanta, ina tsoron ranar da za ta sake jan labulen nan. In ma na samu gurbin, Kak Ain ce za ta riƙe mini ƙafa, a daidai inda Zulai take kwanciya, ta tambaye ni ina Zu. Ban sani ba ko hasken zai yi mini kyau kamar da. Duk wannan na sani, na faɗa wa kaina, na yi istigfari. Amma sanin bai kashe son ba. In na ce muku ya kashe na yi ƙarya, kuma ban ɓoye sunana don in zo in yi muku ƙarya ba.

Jiya da yamma ta shigo ɗakina da tabarmata, ta wanke ta, ta naɗe, ta ɗaure da zare. Ta sayi tata, Kak Ain ce ta raka ta. Ta jingine tawa a kusurwa ta ce in ajiye kusa, kada in kai ta ƙarƙashin gado, don ita tun ranar da muka yi maganar nan kullum a sujadar asuba sai ta roƙi Allah Ya sa wata ta bar ajin in shigo mu zama tare. Ta ce tana ji a jikinta an kusa amsawa. Na ce amin. Wallahi na ce amin, muryata ko rawa ba ta yi ba.

To 'yan uwa, me zan yi? In je wurin Kak Nora in ce ta cire ni daga masu jira, ko zuciyata za ta huta in ta san ƙofar ta rufe? Ina tsoron in yi hakan ya zama wata karar ce ta uku, in dawo ina ƙullatar Zulai har abada. Ko in zaunar da ita in buɗe baki, karo na farko a rayuwata, in ce ina so, ki ba ni? Na san za ta ba ni, shi ne ma abin da ke ba ni tsoro, don na san abin da zan karɓe mata. Ko in gaya mata gaskiyar abin da ya faru a bakin ƙofarta, ta nemi wata ta riƙa kiranta a waya, don kada amanar ta zauna a hannun da ya taɓa tsayawa a sama? In na faɗa, da wane ido za ta sake kallona? Masu cewa in ji tsoron Allah, ina ji, shi ya sa na rubuto tun kafin ranar ta zo. Wadda ta taɓa kishin ƙawar da take ƙauna, ta gaya mini yadda ta yi ta fita, don ni ban taɓa sanin ana son mutum ana kuma jin zafin dariyarsa a lokaci guda ba.

Don Allah kada ku ajiye amsa sai an kwana biyu. Alhamis ce ajinta na gaba. Bango ɗaya ne tsakanin gadona da nata, tabarmar tana jingine tana kallona, kuma na san zan ji lokacin da agogonta zai fara kuka.